Ƙwan Agwagwa da Munduwar Ƙarfe

Talata, ƙarfe uku na rana

Tuli ce ta ba ni littafin nan. Jikata ce, malamar makaranta, ta ɗauka duk wanda ya buɗe baki a gabanta ɗan ajinta ne. Ta ce, "Kaka, maimakon ki riƙa zagin mutane a kan titi, ki zage su a takarda." To ga ni. Aji biyar na yi, rubutuna kamar kaza ta bi ta kan laka. Wanda ya kasa karantawa ya huta.

Yau ita da uwarta Jharna, matar ɗana Tapan, suka kai ni asibiti saboda ƙwan agwagwa. Ƙwan agwagwa shi ne ƙullutun da ke wuyan hannuna na hagu, ta ciki, daidai gindin tafi. Shekara goma sha shida muna tare. Ya fara kamar ƙwayar wake, ya yi ta girma a hankali, bai taɓa yi min ciwo ba. Yaran layinmu duk da labarinsa suka tashi. Na ce musu ƙwai na sato a gidan aljanar kogi, ta biyo ni, na cusa shi ƙarƙashin fata, ranar da ya ƙyanƙyashe kuma zan tashi sama in bar su. Ita Tulin da ke min fuskar malamai yanzu, ta sha kara kunne a kai ta rantse ta ji kuka.

Likitar yarinya ce mai tabarau. Ta shafa min wani abu mai sanyi, ta kalli allo, ta ce kitse ne kawai ya taru, ba ciwon daji ba ne, ba ya yaɗuwa. Na ce, "Kitse? Ni da duk jikina babu wanda zai soya albasa ɗaya, sai a wuyan hannu ya ga wurin zama?" Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce yana danne wata jijiya, shi ya sa babban yatsana da biyun da ke bin sa suka mutu. In ba a cire ba, naman gindin yatsan zai ƙare, hannun ya daina riƙe komai. Jharna ce ta kai ƙarata, wai na yanke yatsa ina gyaran kifi ban sani ba sai da ta ga jini. Mai baki kamar rediyo.

Na ce to a cire. Sai likitar ta sa yatsa ta taɓa munduwata.

"Wannan kuma sai an yanke ta, Mama. Ba za ta wuce ta kan ƙullutun ba, kuma daidai wurin zan yi aiki."

Na ɗauki lemata na fita. A bakin ƙofa suka same ni.

Baban Tapan ya ci loma shida da rana.

Laraba, da safe

Sai ka ce likitar nan ba uwa ce ta haife ta a ƙasar nan ba! Awarwaron fari da na ja, waɗannan su fashe a sake wasu, nawa ma masu maɓalli ne, ta ɓalle su ban ce uffan ba. Amma ta ƙarfe? Surukata ce ta zura min ita ranar da na taka gidan nan, shekara hamsin da ɗaya ke nan. Ta ce, "Muddin wannan tana hannunki, ɗana yana numfashi." Ba ta taɓa fita ba. Ko ranar haihuwar Tapan da ita na yi naƙuda.

Rana ɗaya ce tak ake cire wa mace wannan munduwa, kuma ba zan rubuta sunan ranar a littafina ba. Na ga an yi wa Renu maƙwabciyata a bakin tafki. Ni na riƙe mata kai.

Wata biyu ke nan da mutumin, mijina, ya faɗi a banɗaki. Ɓarinsa na hagu ya tafi yawo bai dawo ba, baki ya karkace, magana sai ni nake fassara wa mutane. Likitansa ya ce a kiyaye na biyu. Na biyun me, ban tambaya ba.

A irin wannan lokacin ne za a zo min da zarto.

Na hana kowa ya gaya masa. Ba za a yanka ba.

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Sabulu. Man girki. Leda. Zare da aka naɗe hannun tam kamar daurin goro. Jharna tana ja, ni ina ja, Tuli tana karanto mana yadda ake yi daga wayarta. Munduwar ta zo bakin ƙwan agwagwa ta tsaya, kamar surukai biyu sun haɗu a lungu.

Jharna ta ce, "Mama, kin rame ko'ina, ban da inda ake so."

Na ce, "Ke kuma kin yi ƙiba ko'ina, ban da cikin kai."

Hannun ya kumbura. Loma biyar.

Asabar, da yamma

Tapan ya bugo daga wurin aikinsa. Rabonsa da gida mako uku, amma ta waya ya san komai. "Ma, camfi ne wannan. Ƙarfe ne fa, ƙarfe. A yanka a sayo miki sabuwa, har da ruwan zinariya."

Na ce, "Ubanka ma ya tsufa, a sayo sabo?"

Sai ya ce in ba shi Jharna. Suka yi ta ƙus-ƙus a kicin, suna tsammanin ƙullutun a kunne yake.

Lahadi, da hantsi

Ba za a yanka ba.

Talata, bayan cin abincin rana

Sun kirawo min Purut-mashai, tsohon da ke yi mana addu'o'in gida. Na san aikin Jharna ne, don ta soya masa yalo, ita da ba ta soya min tun bikin bara. Ya ci, ya wanke hannu, ya gyara murya, ya ce littattafai sun yi sassauci ga mai larura. A ɗaura min zaren da aka rina da kurkum, a yanke ƙarfen, ba komai.

Na ce, "Mashai, tambaya ɗaya. Da kai ne kwance a ɗakin can, rabinka ya yi gabas rabi ya yi yamma, za ka ce wa matarka ta miƙa hannu?"

Tari ya kama shi. Ya sha ruwa, ya ce kowane gida da al'adarsa. Ya nemi takalminsa.

Tuli ta ce na kunyata dattijo. Ni ban kunyata kowa ba, tambaya na yi.

Loma bakwai, har da kan kifi. Baban Tapan ya ce gishiri ya yi kaɗan. Likita ne ya hana, amma ni yake harara.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Renu ta shigo da ganyen kabewa. Na ji daɗi, na ce yau dai ga wadda za ta tsaya min. Ita ce ta san bakin tafki, ita ce shekara tara ba ta ɗanɗana kifi ba, don a nan macen da ta rasa miji ba ta ci, ba jan garin matan aure a tsagar kanta, sai farin zane. Na zayyana mata komai, da likita, da Tapan, da mai tari.

Ta yi ta tsinke ganye ba ta ɗago ba. Can ta ce, "Minoti, tawa tana hannuna ranar da nawa ya tafi. Ko tsatsa ba ta yi ba."

Na ce ta kwashe ganyenta. Ta bar shi ta tafi.

Shekara arba'in muna aron gishiri ta kan katanga, yau take gaya min wannan. Wa ya tambaye ta? Na dafa ganyen dai, don zubar da abinci ba kyau. Ɗaci gare shi.

Juma'a, da safe

Ban yi wa Renu magana ba. Ta leƙo, na juya baya ina shanya.

Maɓallin rigarsa ya gagare ni yau. Maɓallan zamani ne, ƙanana kamar idon kifi.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Ba ni ba ce. Kofin ne.

Litinin, da rana

To, zan rubuta, tun da takarda ba ta da bakin Jharna.

Kullum da yamma ni nake ba shi shayi. Ba ya karɓa a hannun kowa, in Jharna ta kawo sai ya damƙe baki kamar akuya ta ga magani. Da hannun dama nake tallafe masa kai, na hagu ya riƙe kofi. Jiya ina tallafe da shi, ina ba shi labarin yadda Purut-mashai ya shaƙe, yana wannan dariyar tasa ta rabin baki. Sai na ga fuskarsa ta canza. Na duba hannuna, ba kofi. Ban ji fitarsa ba. Ko kaɗan ban ji ba.

A ƙirjinsa ya zube, da zafinsa. Mutumin da ba ya iya matsawa.

Ya tashi bororo, faɗin tafin hannu. Tuli ta wanke ta shafa magani, ba ta ce min komai ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Shi kuma sai cewa yake, "Ba zafi, ba zafi," idonsa na ruwa. Maƙaryaci. Shekara hamsin da ɗaya bai iya ƙarya ba, yanzu da rabin baki zai koya.

Loma biyu.

Talata, ƙarfe uku na rana

Yarinyar nan ta ci amanata.

A gabana ta zauna bakin gadonsa ta ce, "Kaka-namiji, ka san me ya sa kofin ya faɗi?" Na ce, "Tuli, fita." Ta ce, "Ba aji ba ne nan, Kaka, ba mai korata." Ta kwashe komai ta gaya masa. Jijiya, yatsu, likita, munduwa, har da abin da na gaya wa Tapan.

Ya juyo da ido gare ni. Sai ya ce, "Kina ji?" Haka yake kirana tun muna da baƙin gashi. "Kawo hannun."

Na ce ina da aiki.

"Hannun."

Na miƙa. Ya matsa babban yatsana da farcensa har ya yi shaida. Ya ce na ji? Na ce na ji mana. Ya ce, "Ai ba na matsawa." Na duba, ashe tun ɗazu ya saki. Dubi wannan mugunta, mutum yana kwance yana ɗana wa matarsa tarko.

Sai ya ce da Tuli, "Akwati."

Akwatin kayan aikinsa yake nufi. Shekara arba'in yana gyaran kekuna a hanyar tasha, akwatin yana ƙarƙashin gado tun da ya rufe rumfa. Na ce duk wanda ya taɓa akwatin nan zan bar gidan. Ya ce, da wannan harshen nasa mai nauyi, sai da ya maimaita sau uku kafin Tuli ta gane, ni kuwa tun na farko na ji:

"Uwata ta ce su wa ke cirewa?"

Na hau gyara masa matashi.

"Mata ne ke cirewa. A bakin tafki. Bayan an fita da mutum. Ko ba haka ba? To ni zan cire. Kin taɓa ganin gawa da magagari a hannu?"

Na ce kada ya sake faɗin wannan kalmar a ɗakina. Ya ce ɗakinsa ne, ubansa ya gina.

Ban yarda ba. In rubuta a nan, kowa ya sani, ban yarda ba. Cewa kawai na yi ya gwada ya ga ba zai iya ba.

Laraba, da hantsi

An jingina shi da matasai uku. Ya sa aka cusa bayan cokali tsakanin ƙarfen da fatata. Hannu biyu ne masu aiki tsakaninmu, duka na dama. Nawa ya danne munduwar, nasa ya ja magagari.

Ƙir. Ƙir. Ƙir. Sai ya huta. Ƙir. Ƙir.

Ni ba munduwar nake kallo ba. Ƙirjinsa nake kallo, yana hawa yana sauka, da bororon shayina a kai.

Ya ce, "Daina ƙirga numfashina, kina ruɗa ni."

Na ce, "Wa ke ƙirga naka? Ƙudaje nake kallo."

Kwata ya ci. Ƙarfen dā ne, ba irin na yanzu ba. Ya yi gumi, na ƙwace magagarin na ɓoye a tukunyar shinkafa.

Loma takwas. Wai aiki ya sa shi yunwa.

Alhamis, da hantsi

Ya ƙi karya kumallo sai an fito da magagari. Jharna ta tona asirin tukunya.

Rabi.

Juma'a, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Ta yanke.

Ƙaramin sauti ne, tis, kamar an karya tsinke. Na rufe ido. Ban san tsawon lokacin da na yi a haka ba. Abin da na ji shi ne, "Ke, buɗe ido ki riƙe, saura buɗawa." Ya kama gefe da filaya, na kama gefe, Jharna ta taya, bakin ya buɗe, ta zame.

Wurin fari fat, siriri, kamar hannun jaririya. Hannun ya yi min sakayau, har ina jin iska tana wucewa ta wurin.

Na dube shi. Yana nan. Yana goge magagari da gefen zanen gado, zanen da na wanke jiya.

Sai ya ɗaga mataccen hannunsa da mai ran, ya ɗora a cinya, ya ce Tuli ta zura masa munduwar. Ta shiga, tun da bakinta a buɗe yake. Ya matse ta da filaya.

Ya ce, "To. Yanzu ni ce matar gidan. Muddin tana hannuna, kina numfashi. Je ki a fasa ƙwan."

Jharna ta fita da gudu, wai miya za ta ƙone. Ba ta ɗora miya ba.

Ni ban yi kuka ba. Garin ƙarfe ne ya shiga min ido.

Asabar, da safe

Mai tallan kifi ta zo ƙofa, na miƙa hannu ina taɓa kifin. Ta ga wuyan hannuna tsirara, ba fari, ba ja, ba ƙarfe. Ta sauke kwando ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Yaya! Yaushe? Ba wanda ya gaya min! To kifin nan fa, ai ke yanzu ba..."

Daga ɗaki aka kwarara ihu: "Ina nan! Ki zaɓo mai ƙwai!"

Tun da ya faɗi bai yi magana ta fita tar kamar wannan ba. Matar nan ta kusa barin kwandonta.

Na aika wa Renu rabin kifin kafin in tuna ba ta ci. Ta maido da kwanon cike da ganyen kabewa. Mun shirya ke nan, ba sai an yi taro ba.

Talata, da yamma

An yi.

Hannun kawai suka kashe, ni ina farke, an kare min da ƙyalle. Kafin su fara na ce ba mai taɓa ni sai an bugo gida. Tuli ta kara min waya. Na ce, "Kana ji? Tana hannunka?" Ya ce tana nan, tana masa ƙaiƙayi, ban taɓa gaya masa abin yana ƙaiƙayi ba. Na ce shekara hamsin da ɗaya nake sosawa, ya yi haƙuri da wuni ɗaya.

Ana aiki ina ba likitar labarin aljanar kogi. Ta ce in daina motsi. Da ta gama sai ta kawo min shi a ɗan kwano in gani. Mulmulalle, mai santsi, rawaya shar kamar gwaiduwa.

Na ce, "Yarinya, me na gaya miki?"

Ta yi dariya har tabarau ya zame. Ashe tana da haƙora.

Ta ce za a kai shi a duba don a ƙara tabbatarwa, yatsun kuma sai a hankali, jijiya ba ta son gaggawa. Na ce a kula da shi, in ya ƙyanƙyashe nawa ne.

Da muka dawo yana zaune fuskarsa na kallon ƙofa. Jharna ta ce tun safe ya ƙi a juya shi, ya ƙi cin komai, hannun dama dafe da munduwar. Da ya gan ni sai ya ce na daɗe.

Loma goma sha ɗaya. Jharna ce ta ba shi, kuma ya karɓa. Maci amana.

Lahadi, da rana

Hannun yana zugi. Yatsun shiru. Tapan ya zo ya koma, ya kawo sabuwar munduwa mai ruwan zinariya. Na ce ya ba matarsa, ta fi ni buƙatar ado.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

An cire zare, takarda ta fito, kitse ne kamar yadda aka ce. Na ce wa mutumin ya maido min kayana. Ya ce tabon bai bushe ba. Ya saba da ita ne, na gane. Duk wanda ya zo gaishe shi sai ya ɗaga masa hannun ya nuna, har Purut-mashai, wanda tarinsa ya dawo nan take.

Litinin, da hantsi

Ya maido.

Ya naɗe bakin yankan da siririyar waya irin ta birkin keke, don kada ya karce ni. Ya matse da filaya. A karkace take. Na gaya masa a karkace take, mutumin da ya yi shekara arba'in yana miƙe ƙafar keke ya kasa miƙe munduwa ɗaya. Ya ce ta dace da bakinsa.

Bai saki hannun ba da ya gama. Ya riƙe min yatsu yana juya su, wai yana duba aikin likita. Ina cikin yi masa faɗan wayar birki sai na ji wani abu a babban yatsana. Kaifi, ɗan kaɗan, can nesa, kamar an kira sunana daga ƙetaren kogi.

Na ce, "Kai, kana mintsini na?"

Ya ce, "Tun ɗazu."

Farcensa ya yi tsawo. Ba wanda ya lura a gidan nan, sai ni. Gobe zan yanke masa, in ya ce uffan in haɗa da yatsan.

Ban ƙirga lomar yau ba.